Bututun Malam Sada a Rumbun Mai'unguwa

A garinmu, wanda ke gefen hanya tsakanin Bakori da Danja, kowa ya san abin da ake ɗaga kai a duba a sama. Ana duba hadari, ana duba jinjirin watan azumi da na salla, in kuma shaho ya matsa wa 'yan tsaki a duba shi a yi masa ihu. Ban da waɗannan, duk wanda aka gani ya ƙura wa sama ido, to ko dai wuyansa ne ya sage ko kuwa Malam Sada ne.

Malam Sada taubashina ne. Uwarsa da ubana ciki ɗaya suka fito, saboda haka tun muna yara nake da izinin faɗa masa abin da na ga dama, shi ma haka. Ina kiransa bawana, yana kirana bawansa, har muka yi furfura ba a raba wannan gardama ba. Katangarmu ɗaya. Ni Isah Tela nake, aikina ɗinki, kuma kusan duk rigar da ya taɓa sawa daga hannuna ta fito, don haka na san shi har faɗin kafaɗa.

Shi ne ɗan gidansu da boko ya karɓa. Ya yi kwalejin horon malamai, ya koyar da kimiyya a wata sakandare a Malumfashi, daga baya aka mayar da shi Funtua. A Malumfashin ne ya haɗu da abin da ya juya masa kai. Akwai wani malami Ba'indiye da suke aiki tare, da zai koma ƙasarsu kaya suka yi masa yawa, sai ya bar wa Sada madubin hangen taurari. Fari ne, tsawon taɓarya, yana tsayawa bisa ƙafa uku. Madubi sunansa a wurin mai shi. Mu dai bututu muke ce masa, kuma bututu ya ci gaba da amsawa.

Mutane masu hankali in sun yi ritaya sukan buɗe shagon magani, ko su shiga siyasa, ko su zauna a dakalin ƙofar gida suna gyara wa gwamnati kuskurenta. Bawana rufin soronsa ya koma. Yana noma kamar kowa, yana da gonar masara da 'yar dawa a bayan gari, ba a taɓa cewa ya bar huɗa ta wuce shi ba. Amma da an idar da sallar isha'i sai ka ji ƙarar tsani. Matarsa Hansai, mai man gyaɗa, takan ce ita Allah ya rufa mata asiri, sauran mata ba su san inda mazansu ke hira ba, ita kuwa nata yana saman kanta.

Wata rana na hau na same shi, na ce, "Bawana, duk taurarin nan birjik, wace ce ta ci maka amana kake gadinta haka?"

Ya sa ni na kanga ido a bututun. Na ga wani ɗigo ja-ja, da ƙyar ma na gan shi. Ya ce sunanta a wurin masana RS Ophiuchi, sunan da har yau in na faɗe shi sai harshena ya nemi hutu. Ya ce ɗigon nan da nake gani ba tauraruwa ɗaya ba ce, biyu ne suke zagaya juna. Ɗaya babba ce, ta tsufa, ta kumbura, ta yi ja. Ɗayar ƙarama ce fara, mai nauyin tsiya, ba ta da aiki sai zuƙar iskar da ke fita daga jikin babbar tana tarawa a nata jikin. Na ce ashe har a sama akwai kaska. Ya ce masana suna kiran wannan zama zaman taimakon juna. Ni dai ban ga taimakon ba, ɗaya na ci, ɗaya na ramewa.

Abin da yake jira shi ne ranar da cin zai yi wa ƙaramar yawa. In abin da ta tara ya fi ƙarfinta, sai ya kama da wuta gaba ɗaya, haskenta ya ninku sau ɗaruruwa, har mai ido kawai ya gan ta ba tare da bututu ba. Kwanaki kaɗan take yi a haka, sai ta dusashe ta koma zuƙarta. Wannan tashi yakan zo ne bayan shekara goma sha biyar, ko ashirin, yadda ta ga dama, kuma ba ta aiko da goron gayyata. Sau biyu ta tashi a rayuwarsa ta aiki, sau biyu yana kuskure ta. Na farko bai ma san da ita ba tukuna. Na biyu labari ya iso shi bayan an gama komai, don a lokacin waya ba ta wadata a wajenmu ba. Na uku ne ya ɗaura wa aniya.

'Yarsa Bushra, wadda ke aikin jinya a Zariya, maimakon ta yi wa ubanta faɗa sai ta ƙara masa zuga. Ta sa aka kawo masa wani ɗan gilashi, faɗin murfin kwalba, da 'yar kyamara da ake ɗaurawa a gindin bututun. In hasken tauraruwa ya ratsa gilashin nan sai ya warwatse ya zama wani siririn zare mai launin bakan gizo. A cikin zaren akwai layuka, wasu masu haske wasu masu duhu, kuma da layukan nan yake karanta irin iskar da ke wurin, da zafinta, da gudun da take yi. Yakan ɗauki hoton ya aika ta waya ga wata ƙungiya ta masu irin lalurarsa. Ashe ba shi kaɗai ba ne, akwai irinsa har a ƙasashen da suke da asibitoci masu kyau.

Shekara da shekaru yana ɗaukar hoton tauraruwar nan tana barci. Abin da bai da shi, abin da yake so fiye da komai, shi ne hotonta a daren farko ko na biyu na tashinta. Ya ce a lokacin wani jan layi da wata iska mai suna haidurojin ke yi yakan buɗe ya yi faɗi, domin wutar tana watso iska da gudun dubban kilomita kafin ka ƙifta ido. Daga nan kullum layin sai ya riƙa tsukewa. Wanda ya rasa dararen farko ya zo biki ne bayan an wanke tukwane. Ga shi kuma shekarunsa sun haura sittin da biyar, likitan ido a Funtua ya gaya masa yana da hawan jinin ido, kuma abin da wannan ciwo ya ci ba ya dawowa. Shi da kansa ya ce mini, "In wannan ta wuce ni, shi ke nan, ba ni da idon ta gaba."

Sai daminar da ta biyo bayan shekarar korona. Ruwa ya fara lafiya lau, aka yi shuka, aka zuba taki, masara ta yi baƙi ƙirin don kyau, ta fara goyo. Daidai lokacin da ya kamata marka ta kankama, sai ruwa ya ɗauke ƙafa a yankinmu. Da safe sama garau, da rana garau, da dare taurari har suna neman yi mana dariya. Ganyen masara ya fara nannaɗewa. Wanda bai taɓa noma ba ba zai san irin tsoron da ke shiga gari a irin wannan lokaci ba. Magidanta suka daina doguwar gaisuwa, mata suka rage awon tuwo tun ba a ce su rage ba.

A cikin wannan hali ne bawana, mai ilimi, mai karanta layukan bakan gizo, ya zo teburin mai shayi da safe, ya zauna cikin manoma, ya yi miƙa ya ce, "Alhamdu lillahi, jiya sama tas, ko ɗigon girgije babu."

Cokula suka tsaya a cikin kofuna. Na taka masa ƙafa, amma magana ta riga ta fita. Alhaji Ɗanasabe, dillalin hatsi, yana wurin. Mutum ne da Allah ya hore wa basirar gano laifin wani, musamman a shekarar da mutane suka fara tambayar me ke cikin sitonsa. Ya ajiye kofi ya ce, "Jama'a, ku tsaya. Ina tambaya ne don Allah. Tun da wanga bawan Allah yake fito da bututun nan yana auna sama da shi, akwai wanda ya taɓa ganin hadari a daren da ya fito da shi?"

Kowa ya shiga bincike a ransa. Gaskiya ne, ba a taɓa gani ba. Na ce, "Haba Alhaji, ai sai babu hadarin yake fito da shi. In akwai girgije mi zai gani?"

Ɗanasabe ya buɗe hannuwa ya ce, "To kun ji. Maƙwabcinsa ma ya shaida. In bututu na waje, babu hadari."

Kafin azahar hujjoji sun cika gari. Wani ya tuna shekarar da Malam Sada ya kwanta ciwon baya bai hau soro ba, har rafi ya yi ambaliya. Wata tsohuwa ta ce da idonta ta ga hadari ya taso daga gabas, yana zuwa saitin soron ya rabu biyu. Mun saba da zargin magina da masu buga bulo da ɗaure ruwa, amma su a ɓoye suke nasu. Wannan kuwa ga shi a fili, da ƙafa uku, bakinsa a sama. Samari suka fara maganar a hau a sauko da shi da gatari.

Mai'unguwa Abdulmutallib ya tara dattawa a zaurensa, aka kira Malam Sada, na bi shi. Liman ya fara magana. Ya ce ruwa a hannun Allah yake, babu bututun da ya isa ya hana ɗigo ɗaya sauka, kuma mai cewa haka ya binciki imaninsa. Kowa ya ce, "Haka ne, Allah gafarta Malam." Da aka gama girmama maganar Liman sai aka ajiye ta gefe, aka koma kan bututu. Mai'unguwa ba mugu ba ne, mutum ne mai son ya kwana ba a fasa kan kowa ba. Ya ce, "Malam Sada, ni ban ce kai ne ba, ban ce ba kai ne ba. Amma don a zauna lafiya, ka kawo shi in aje a wurina. Ran da ruwa ya jiƙa ƙasa, ka zo ka ɗauki abinka."

Na zaci zai yi gardama, ya kawo musu lissafi. Sai ya dubi fuskokin mutanen da ya koyar da 'ya'yansu, ya ce, "Na yarda, ranka shi daɗe. Ba zan taɓa shi ba sai an yi ruwa. Na yi alkawari." Ɗanasabe ya ce a haɗa har da 'ya'yan bututun, wato gilashin da kyamarar, kada a bar iri. Hansai ta naɗe su a tsohon zanenta, aka ɗaga jinkar rumbun Mai'unguwa aka kwantar da su bisa dawar bara.

Ruwa bai zo ba. Kada ka zaci wannan ya wanke bututu. Cewa aka yi abin da aka daɗe ana ɗaurewa ba ya kwancewa rana ɗaya. Aka yi shelar a ɗauki azumi, a yi sadaka, a yafi juna, sannan a fita filin Idi roƙon ruwa.

Ana gobe za a fita, da hantsi, ina kan keke ina ɗinki, sai ga Malam Sada ya shigo shagona babu sallama, hula a karkace, waya a hannu. Ya ce, "Isah, ta tashi." Bai ce bawana ba, daga nan na san ba wasa. Mutanen ƙungiyarsu ne suka sanar, a daren jiya aka fara ganinta, kuma yau ne za ta kai ƙololuwar haskenta. Tauraruwar da ta yi shekara goma sha biyar tana barci ba ta ga ranar farkawa ba sai da bututu ya shiga rumbu.

Bayan isha'i muka hau soro. Babu wata, babu girgije, sama kamar an share ta. Ya kama kafaɗata ya juya ni kudu, ya bi da yatsana daga wata tauraruwa zuwa wata, har ya tsaya. A wurin da kullum babu komai, ga wata 'yar tauraruwa tsaye. Ba ta fi sauran ba, ba ta ma kai da yawansu ba. Na buɗe baki in ce, duk wahalar nan a kan wannan ce, sai na ga yadda yake karkata kai yana nemanta da gefen idonsa mai dama-dama. Na haɗiye maganata.

Muka sauka muka nufi gidan Mai'unguwa, muka same shi a ƙofar zaure bisa tabarma. Malam Sada ya durƙusa, abin da ban taɓa ganin ya yi wa wani ba tun rasuwar ubansa. Ya ce, "Ranka shi daɗe, aron dare guda nake roƙo. Abin da na yi shekara da shekaru ina jira ya zo yau. Kafin asuba zan maido shi da hannuna."

Mai'unguwa ya daɗe yana murza carbi. Ya ce, "Malam, gobe za a fita roƙo. In na ba ka yau, gobe ruwa bai zo ba, ba bututu kaɗai yaran nan za su fasa ba. Ka yi haƙuri a yi ruwa. Ni da kaina zan kawo maka har gida."

"In an yi ruwa, ranka shi daɗe, girgije ne zai rufe ta."

"To ka ga an samu abin da ake nema ke nan," in ji Mai'unguwa. Da zuciya ɗaya ya faɗa, yana ganin ya kwantar masa da hankali.

Da muka dawo gida raina a ɓace yake. Na ce rumbun nan yana jikin katangar bayan gidan Mai'unguwa, jinka ce kawai a kansa, kuma tsufana bai kai in kasa haura katangar ƙasa ba. Hansai, wadda ta yi shekaru tana yi wa bututun nan gori, ta fito daga ɗaki da mayafi a kafaɗa. Ta ce, "Ku bar haura katanga. Ni zan shiga wurin matan gidan kamar na je aron rariya, in fito da shi cikin zane. Wa zai buɗe kayan tsohuwa?" Ta juya wurin mijinta ta ce, "Malam, na ga abin da ka sha a kan abin nan. Kada ka bari."

Ya ce a'a. Ya ce ya yi alkawari a gaban mutane, ba a ce masa sai in tauraruwa ba ta tashi ba. Ya ce kuma in aka gan shi bisa soro da bututu a daren roƙon ruwa, gobe babu wanda zai ɗaga hannu da zuciya ɗaya, kowa shi zai riƙa harara. Na zage shi irin zagin da taubashi kaɗai ke iya yi, na ce masa bawa har abada bawa ne, ko an kwance shi sai ya nemi igiya. Ya hau tsani ya koma sama hannu wofi, ya zauna yana kallonta da ido. A can na bar shi.

Da safe gari ya fita, manya da yara, cikin tsofaffin tufafi. Hanyar filin Idi ta ratsa gonaki. A gefen filin akwai 'yar gonar Ladidi, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da marayu, kuma abin da gonar nan ta ba ta shi ne abincinsu na shekara. Malam Sada ya tsaya ya kama ganyen masara ɗaya, ganyen ya yi ƙaras a hannunsa. Ya sake shi, muka wuce.

Aka yi salla, Liman ya yi huɗuba, aka juya riguna, aka ɗaga hannuwa. Ina kusa da shi a sahu. Liman na roƙon Allah ya turo girgije, ya lulluɓe mu da shi, ya shayar da mu ruwa mai ɗorewa ba mai wucewa ba. Duk gaɓar da ya kai, amin ɗin Malam Sada ta fi ta kowa ƙarfi a sahunmu. Ba amin ta ganin ido ba, na san muryarsa. Hawaye na bin gemunsa yana sauka bisa rigar da na ɗinka masa, wadda ya juya ciki waje.

Na matsa na ce masa a hankali, "Bawana, ka san abin da kake cewa amin a kai kuwa?"

Ya ce, "Na sani. Ka ga gonar Ladidi?" Ya mayar da hannuwansa sama.

Ni ban iya cewa amin ɗin da ta biyo baya ba. Tausayinsa ya kama ni, haushin garinmu ya kama ni, kuma duk da haka ina son ruwan nan kamar kowa.

Da la'asar gabas ta haɗe. Kafin magariba ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya, yara suka fita tsirara suna tsalle, mata na guɗa a cikin gidaje. Aka raba godiya biyu, rabi ga addu'ar Liman, rabi ga rumbun Mai'unguwa. Alhaji Ɗanasabe kuwa har gida ake zuwa yi masa sannu da ƙoƙari, kai ka ce shi ya saƙa girgijen da hannunsa.

Mai'unguwa ya cika alkawari, ba a ce bai cika ba. Washegari ya zo da kansa, ana riƙe masa lema, aka shigo da bututu yana warin dawa. Ya yi wa Malam Sada godiya a kan haƙurinsa, ya ce yanzu ya duba abinsa son ransa. A lokacin ko rana ba a gani, balle tauraruwa. Marka ta zauna daram, irin wadda ba mu ga kamarta ba da daɗewa. Kullum bayan isha'i ina jin ƙarar tsani, sannan in ji saukowa.

Ran da sama ta buɗe, tauraruwar ta riga ta ɓace wa ido, sai a bututu. Ya ɗauki hotonsa, jan layin ya tsuke ya zama siriri. Ya aika wa mutanen ƙungiya, suka yi masa godiya irin wadda ake yi wa wanda ya kawo gudummawa bayan an watse. Wasu a wasu ƙasashe sun ɗauki na dararen farko rututu. Ya nuna mini ɗaya a waya, layin ya buɗe ya yi faɗi, daidai yadda ya sha kwatanta mini. Ya ce, "Ka ga abin da ya wuce ta saman soron nan."

An yi amfani mai kyau a shekarar. Ladidi ta aiko wa Hansai da sabuwar masara a faifai, ba don ta san komai ba, don dai haka ake yi. Tun daga nan kuma garinmu ya samu sabuwar al'ada. Duk daminar da ruwa ya ɗan yi jinkiri, sai a ga ɗan aiken Mai'unguwa a ƙofar Malam Sada, bututu ya tafi rumbu. Shi ma ya daina tambayar dalili. Idon ya ci gaba da tafiya kamar yadda likita ya faɗa, har ya kai sai da sanda yake zuwa masallaci, kuma hawa tsani ya gagare shi shi kaɗai.

Bara, wajen ƙarshen damina, na ga abin da ya ƙure mini dariya. Alhaji Ɗanasabe ya yi shanyar waken suya mai yawa a fili, ga ruwan bankwana yana barazana. Sai ga shi a zauren Malam Sada da ƙwaryar goro, yana sunkuyar da kai. Wai don Allah Malam ya taimaka a fito da bututu a auna sama da shi, ko na kwana biyu ne, har wake ya bushe. Na miƙe zan gaya masa abin da ya daɗe yana bina bashin ji, Malam Sada ya riƙe mini riga. Ya ce, "Bar shi. Tun da nake, ba a taɓa roƙona in fito da shi ba."

Leburorin Alhaji suka hau da bututu, suka hau da mai bututu. Waken dai ya sha ruwa kafin gari ya waye, mutane suka ce bututun ya bi ubangidansa, ya tsufa. Amma a farkon daren nan sama a buɗe take. Ya shafa ƙafafun ukun, ya juya bakin bututun yamma, yana tambayata taurarin da nake gani ina faɗa masa, yana ɗan turawa da yatsa, har ya ce in sa ido.

"Mi ka gani?"

"Wani ɗigo, da ƙyar."

"Ja-ja?"

"Ja-ja."

Ya gyaɗa kai ya ce, "Ita ce. Tana nan tana tarawa. Ran da ta tashi, kai za ka duba mini, bawana, ka gaya mini faɗin layin."

Na girme shi da shekara biyu, kuma ni ma yanzu sai an zura mini zare a allura. Na ce masa to.